Na Tafi Ɗauko Hoton Injiniya

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. Ina tsaka da auna jinin mai ciki a asibiti sai abokiyar aikina Ladi ta leƙo ta ce, "Binta, wai da gaske ne karnukansu a gado suke kwana?" A gidan suna ma haka, ko takalmi ban gama cirewa ba an fara. Kowa na ba shi guntun labari yana dariya, amma ainihin abin da ya faru da ni a can bai faɗuwa a tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ƙanina Nasiru ne ya kai ni. Shi ne autanmu, ni na goya shi bayan rasuwar Innarmu. Ya samu tallafin karatu ya tafi karanta injiniya, yanzu kuma za a yaye su. Babanmu, Alhaji Isa, dillalin shanu ne a Karar Wudil. Tun Nasiru yana sakandare, ranar da ya tayar da injin ban-ruwan gonarmu ta Dagumawa bayan bakanike ya gaza, Baba ya daina kiran sunansa, sai "Injiniya". A Kara ma Baban Injiniya ake ce masa, yana kuma amsawa da ƙarfi. Ya gina ɗaki a ƙofar gida mai kallon titi, ya ce ofishin Injiniya ne. Ɗaliban jami'a sun yi ta zarya suna neman haya ya hana. Duk shekara kafin Babbar Sallah sai an yi masa fenti, makullinsa kuma daban yake ɗaure shi da jan zare a aljihun gaba.

Bara jininsa ya hau har ɓarin jikinsa ya so ya shanye. Allah ya taƙaita, amma likita ya ja mini kunne a gefe, ya ce a kiyaye shi da labarin da zai girgiza shi. Tafiya mai nisa kuwa babu ita. Don haka ni aka tura.

"Ki je ki gani da idonki," in ji shi. "Ki ɗauko mini hotonsa da rigar nan. Na sa an kafa ƙusa a ofis."

Na ce to. Abin da ban faɗa masa ba shi ne hankalina ya daɗe ba a kwance ba. In na kira Nasiru na tambaye shi karatu, sai ya ce, "Alhamdulillahi, Yaya," ya shiga tambayar yarana ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka goya, ka san muryarsa in yana kewaye-kewaye.

Wautar farko tawa ce, na yarda aka yankar mini tikitin ranar Juma'a. Ni da aka haifa a Wudil na manta da kasuwa! Tirelolin shanu sun toshe gada, masu kifi da masu tukwane sun cika gefen titi, mota ba gaba ba baya. Maigidana yana ta huci a sitiyari, ni ina ta salati ina duba agogo. Da ƙyar muka isa filin jirgi a Kano, ana kiran fasinjoji na ƙarshe.

A jirgi na biyu, wanda ya tsallaka teku, Allah ya haɗa ni da wata Inyamura da za ta je renon jika, 'yar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Ta ga ina jujjuya abincin da aka kawo, wata taliya ce fara fat ba ko gishiri, sai ta zaro yaji a jakarta ta miƙo mini. Ta tambaye ni tsarabar da na ɗauko. Na lissafa mata kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, da kilishin da Baba ya aika aka yi wa Injiniya na musamman.

Ta dafe kai. "Hajiya, kilishin nan ki yi masa sallama tun yanzu."

Na ɗauka wasa take. Da muka sauka, wani jami'i a bayan gilashi ya tambaye ni me ƙanina yake karantawa, na ɗaga kai na ce injiniya. Ya buga hatimi. Ina jan akwati sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabansa kamar an aiko shi. Na ja zanina gefe ina a'uziyya. Aka buɗe akwatin. Wata jami'a ta kwance ledar daddawa, ta kai hanci, ta ja da baya har da tari. Na yi ta bayani da Turancina na asibiti cewa kayan miya ne, aka kira wani, shi ma ya shinshina, suka yi shawara suka bar mini. Kilishi kuwa ko musu ba a yi ba, a gabana aka jefa shi a kwandon shara. Naman da Baba ya zaɓa da hannunsa! Hawaye ya cika mini ido, na kuma ji a jikina cewa tafiyar nan ba ta fara da kyau ba.

Nasiru yana jirana a waje. Ya rame, ya tara suma kamar wanda ya yi faɗa da wanzami. Amma yana ganina ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, Turawa suna kewaye shi da akwatunansu. Na ɗan ji sanyi.

"Wannan sumar fa?"

"Aiki ne ya sa, Yaya."

Wane aikin injiniya ne yake hana aski? Na haɗiye tambayar.

A saman benen wata tsohuwa yake haya, Madam Doris, ita kaɗai a gidan sai karenta. Ladi, amsarki ke nan, a gado yake kwana, har bargonsa gare shi. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki mutum ya wuce. Ni kuwa ban iya ba. Washegari da safe na tsaya na gaishe da tsohuwar yadda aka koya mini, kwana, gajiya, jiki, sannan na tambayi yara. Sai ta ja ni falo ta nuna mini hoton ɗanta a bango, babban mutum ne a wani kamfani a can ɗaya ƙarshen ƙasar.

"Ya yi nasara ƙwarai," ta ce. Ta maimaita har sau biyu.

Na tambaya yaushe rabonsa da zuwa. Ta yi lissafi da yatsu, sannan ta ce aiki ya yi masa yawa. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, shayin da ta haɗa mini har ya huce.

Sauran abubuwan duk kun ji su. Banɗaki ba buta, sai wata robar ban-ruwan fulawa da Nasiru ya ajiye. Rana ba ta faɗuwa sai ka gaji da jiran magariba. Ranar da na ce bari in yi wa yaron nan tuwo da miyar kuka ya ji ɗanɗanon gida, ina soya manja sai wata na'ura a rufi ta ɗauki ihu, kare ya ɗauka, Madam Doris ta hau bene da tawul tana fifita sama. Amma fa ta ci tuwon, har ta nemi ƙari.

Duk wannan dariyar a fatar baki take. Da Nasiru ya fita, sai na bi ɗakinsa da kallo, kuma ba zan ɓoye ba, har da bincike. Babu littafin lissafi ko ɗaya, babu zanen inji. Littattafan da ke kan teburin duk hira ce a ciki, wane ya ce, wance ta ce. A cikin wata jaka na ga hoda da jan-baki da gashin kanti. Na ce shi ke nan, mace ya ajiye. Da ya dawo na riƙa leƙa ƙwayar idonsa yadda muke duba yaran da ake kawo mana sun sha ƙwaya. Idonsa garau, salla kuma ba ta wuce shi. To mene ne? In Baba ya kira ya ce, "Ya Injiniya?" sai in ce lafiya lau, in yi sauri in tambaye shi ko ya sha magani.

Ana gobe bikin yaye, bayan azahar, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Yaya, akwai inda zan kai ki. Don Allah duk abin da kika gani, ki bari a gama."

Na sa hijabi na bi shi. A hanya har na gama shirya abin da zan ce wa matar, da yadda zan karɓi jaririn in akwai.

Wani ɗakin taro ya kai ni a cikin makarantarsu, kujeru a jere suna kallon dandamali. Ya zaunar da ni kusa da wata mata mai furfura da wandon jins, ya ce malamarsa ce, ya ɓace. Ɗalibai suna wucewa suna kiran sunanta gatsau, ba Malama ba Farfesa, ita kuma tana ɗaga musu hannu. Ta juyo ta ce ta ji daɗin ganina, ƙanina yana cikin ɗalibanta mafi hazaƙa. Ta ce a wasan kwaikwayon ƙasarsu babu labarin da ya kai wannan tsufa: uba ya ci buri, ya ɗora wa ɗansa, gida ya kasa ɗauka, a ƙarshe a yi gawa. Ta ce su mutane ne da aka rene su a kan cewa kowa zai iya zama wani abu, don haka wanda bai zama ba, ba ya iya kallon iyayensa.

"Amma ɗan'uwanki ya rubuta shi kamar a nan aka haife shi," in ji ta.

"Ya rubuta me?"

Kafin ta amsa aka kashe fitilu.

Mu a Wudil in ana wasa, ko na 'yan makaranta ne, da 'yan kallo ake yi. A zagi mugu, a gargaɗi wanda za a cuta, a yi wa mai kuka sannu. Su kuwa tsit, ko tari mutum zai yi sai ya toshe baki.

Aka haska dandamali. Garejin gyaran mota ne na wani dattijo baƙar fata. A saman garejin ya gina ɗaki, ya kafa allo da sunan ɗansa, wai ofishin lauya, duk shekara yana hawa tsani ya sabunta fentin. Ɗan yana birni yana karatu. Sai ga ɗan ya shigo da jaka a kafaɗa, da sumarsa. Nasiru ne.

Ban san lokacin da na kama hannun kujera ba. Ashe aikin ke nan. Ashe hodar da gashin kantin na nan ne. Ina cikin haɗa wannan a kaina sai dattijon ya buɗe hannu ya ce, "Lauya!" Ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya fara yi wa maƙwabta alfahari, ya bugi gwiwarsa da tafin hannu. Sannan ya zura hannu a aljihun gaba ya zaro makulli ɗaure da jan zare.

Gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan. Wannan ai Baba ne. An sa masa rigar bakanike an ba shi Turanci, amma Baba ne, har yadda yake karkata kai in ba ya son jin magana. Ga ɗaruruwan baƙi sun zuba masa ido suna dariyar alfaharinsa.

A cikin wasan, yaron ya daɗe da barin karatun lauya, gidan burodi yake aiki, kuma yana son aikinsa. Ya zo ne ya faɗa. Duk lokacin da ya buɗe baki sai uban ya tare shi da "Lauya", ya ja shi ya nuna masa sabon teburin da ya saya. Tun ana dariya har aka daina. Can yaron ya faɗi gaskiya, uban ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da maganar labulen da za a sa a ofis. Sai Nasiru ya yi kukan kura ya cakumi wuyan rigar dattijon, yana girgiza shi yana ihu, wai ya kira shi da sunansa ko sau ɗaya.

Wallahi ban san na miƙe ba.

"Kai Nasiru! Sake shi! Baba ne fa!"

Da Hausa, da muryar da nake kiran mai jiran gado daga ƙarshen baranda. Ɗakin nan kaf ya juyo. Nasiru ya saki rigar nan take, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi tun yana yaro in na daka masa tsawa. Malamar ta jawo hijabina a hankali na zauna. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Dattijon ne ya ceci wasan, ya gyara wuyan rigarsa ya ci gaba da maganarsa kamar haka aka tsara.

Ƙarshen ban so na gani ba. Uban ya hau tsani da kansa ya ciro allon, ya sauko da shi, ya zauna a matakalar ƙasa ya rungume shi. Sai ya dafe ƙirji, bakinsa ya karkace, allon ya zame. Na sha ganin wannan a gadon asibiti, kuma mutumin ya yi shi daidai. Fitila ta mutu. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, ni kuwa ina zaune.

A waje, ƙarƙashin wata bishiya, ya same ni da sauran hoda a fuskarsa. Ya durƙusa.

"Ka kashe Baba a gaban mutane suna tafi," na ce.

"Yaya, abin da nake tsoro ne na rubuta."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan shekarar farko. Ina cin jarrabawa, amma ba na barci. Na koma wannan sashen, su ma suka ɗauki nauyina. Na sha ɗaukar waya in faɗa masa, yana ɗagawa sai ya ce 'Injiniya!' sai bakina ya mutu. Da ya kwanta ciwo kuma..." Ya share fuska. "Ke kika san jininsa, Yaya. Ke kika san yadda za a faɗa masa."

Wato ni ya gayyato in ɗauki gawar in kai gida. Na faɗa masa maganganu a wurin nan waɗanda ba zan rubuta ba. Har muka koma gida ban ƙara kallonsa ba.

Washegari aka yi yaye. Abin da na lura da shi ya ƙara dagula mini lissafi: rigar iri ɗaya ce. Baƙa, da hula mai faɗi, injiniya da mai wasa ba ka bambance su. Na ɗauke shi hoto yana murmushi, hoto mai kyau, wanda za a rataya a ƙusar nan ya shekara goma ba wanda ya san komai. Dattijon wasan ya zo ya gaishe ni, ya ce ihun da na yi ya fi masa tafin. Ya ce shi nasa uban har ya mutu bai taɓa zuwa ya kalle shi ba, kuma ba su taɓa yin maganar ba.

A jirgin dawowa ko runtsawa ban yi ba. In na yi shiru, na zama abokiyar ƙarya, kuma Nasiru ba zai iya dawowa gida ba, zai zama hoto a bango kamar ɗan Madam Doris. In na faɗa, ga matakalar tsanin nan a idona.

Na iso Wudil gida ya cika. "Ina Injiniya? Yaushe zai zo?" Hoto ya zaga hannu-hannu har ya yi maiƙo. Baba ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya ce a kai a sa masa gilashi. Na yi kwanaki ina zuwa kullum da safe in auna jininsa in koma, ina ɗage maganar zuwa gobe.

Ranar da na ga jinin ya sauka sosai, na ce wa maigidana ya kawo mota ƙofar gida ya zauna a ciki, kada ya kashe waya. Da hantsi ne, Baba yana zaure a kan buzunsa, ya sha magani ya sha kunu. Na zauna a gefen da zan iya ganin bakinsa da hannunsa na hagu. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Baba, a can an kai ni kallon wani wasa." Na ba shi labarin garejin, da ɗakin sama, da allon da ake wa fenti. Da na zo kan makulli mai jan zare, sai na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba ya tsaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantar fuskar mai saye da mai sayarwa ba a yi masa kwana-kwana.

"Wa ya tsara wasan?"

"Nasiru ne, Baba."

"Injiniya yana tsara wasa?"

"Baba, ba injiniya ya karanta ba. Wannan ɗin ya karanta. Shi aka yaye shi a kai."

Ina jin kukan akuya a bayan gida. Idona yana kan leɓensa. Bai karkace ba, rawa kawai yake yi.

"To shi dattijon, da ya ji, ya aka ƙare?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. "Mutuwa ya yi, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya yi gyaran murya sau biyu. "Kira mini shi."

A can Amurka asuba ce, amma bugu ɗaya Nasiru ya ɗauka. Na sa a lasifika na miƙa.

"Nasiru."

"Na'am, Baba."

"Binta ta faɗa mini. Ga ni nan zaune a zaure, ban mutu ba. Raina ya ɓaci, kuma zai daɗe a ɓace, kada ka ce ban gaya maka ba. Amma ka daina binne ni da raina a gaban baƙi. In kana da magana, ka zo gida ka durƙusa a nan ka faɗa mini, ni ubanka ne."

Ba abin da ke fitowa daga wayar sai shessheƙa. Baba ya miƙo mini ita, ya miƙo hannunsa kuma ya ce, "Auna, na ga tun ɗazu abin da kike so ke nan." Na auna. Ya hau, amma ba hawan da za a kira mota ba.

Na shiga tsakar gida in sallami maigidana ta waya, sai a nan abin ya faɗo mini. Rabon da in ji sunan nan a bakin Baba tun yaron yana sakandare. Na nemi turmi na zauna a kai, na yi kukan da nake riƙe da shi tun daga Amurka.